Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama a Cikin Gida: Yadda Ake Haɗa Tsofaffin Kwamfutoci Su Zama Allon Matuƙi

 

Malam shugaban taro, iyayena malamai, 'yan uwana masu gyaran kwamfuta da waya, da ku ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da kuka keto wannan rana ta Jimeta kuka zo sauraro.

Duk yaron da ya tashi a Kofare ko Jambutu ya san ƙarar jirgi tun kafin ya iya karatu. Filin jirgin nan namu, wanda aka raɗa wa sunan Lamiɗo Aliyu Mustafa a 2023, yana nan a gefen gari, jirage na sauka suna tashi a kan idonmu. Amma cikin yara dubu da ke ɗaga kai suna kallo, nawa ne suka taɓa ganin abin da matuƙi ke gani a gabansa? Wannan abu ya daɗe yana damuna. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, sai dai kuɗin karatun ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, yaro kuma ba ya sha'awar abin da bai taɓa kusanta ba. Abin da na zo faɗa muku yau shi ne, da tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a shagunanmu da ofisoshinmu, da 'yar waya mai tsawon mita kaɗan, mutum zai iya gina mazaunin matuƙi a ɗakinsa, mai alluna irin na jiragen zamani. Na gina, yana aiki, ga shi can bayan zauren nan an lulluɓe shi da zane.

Kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa tsohon abu ne. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati da mutum ke shiga a rufe shi, akwatin yana karkata yana juyawa da ƙarfin iska. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, daga nan ya ɗebo zuga-zugai irin na maƙera ya haɗa abinsa. Da farko wuraren wasa ne suka fi saya. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka rasu cikin 'yan watanni, yawanci saboda dare da mummunan yanayi, sannan aka gane darajar akwatin, sojoji suka sayi guda 6. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Ku lura da abu guda: akwatin Link ba shi da taga. Abin da yake koyarwa shi ne yarda da agogunan da ke gabanka a lokacin da ido ya daina amfani.

Waɗannan agogunan su shida ne a ƙaramin jirgi: na gudu, na karkatar jirgi da ɗaga hancinsa, na tsawo daga teku, na juyawa, na alƙibla, da na saurin hawa ko sauka. Kowanne da allurarsa, kowanne da bututunsa ko injinsa a baya. A manyan jirage sukan kai ɗaruruwa, har sai an ɗauki mutum na uku, injiniya, yana zaune a gefe yana lura da su. Daga farkon shekarun 1980, da Boeing 767 da Airbus A310, aka fara maye gurbinsu da allunan kwamfuta. Da aka fito da Boeing 747-400 a 1989, fitilu da agoguna da makunnai sun ragu daga 971 zuwa 365, kujerar injiniyan nan kuma ta tafi. A 2004 kamfanin Garmin ya kawo wannan tsari cikin ƙananan jirage da na'urarsa G1000. Wannan tsari shi ake kira mazaunin gilashi.

Ga yadda yake. Allon da ke gaban matuƙi rabinsa na sama shuɗi ne, na ƙasa ruwan ƙasa, layin da ya raba su shi ne gaɓar sama da ƙasa. A hagu lambobin gudu suna gangarawa kamar tef ɗin tela, a dama na tsawo, a ƙasa da'irar alƙibla. Allo na biyu yana ɗauke da taswira da bayanin inji: zafin mai, yawan mai, juyin farfela. A jirgin gaske waɗannan alluna ba su san komai da kansu ba. Akwai akwati da ke auna iska, akwai mai auna karkata, akwai mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, kowanne yana aika lambobinsa ta waya, allo kuma ya zana. A G1000 allunan suna magana da juna ta hanyar da aka gina kan Ethernet, haka ma babban jirgin nan Airbus A380. Wato irin wayar da ke shagon buga takardu a bakin Kasuwar Zamani, danginta ne ke cikin jirgin. Don haka wanda ya haɗa kwamfutoci uku a ɗakinsa don wannan aiki, tsarin jirgin gaske ya kwaikwaya tun daga tushe.

To me ya sa sai an haɗa kwamfutoci da yawa? Saboda aikin ya yi wa ɗaya yawa, musamman irin waɗanda aljihunmu ke iya saya. Manhajar kwaikwayo tana lissafin yadda iska ke bugun fiffike, tana zana kogi da duwatsu da gajimare aƙalla sau 30 a daƙiƙa, in kuma ka ƙara mata alluna biyu na agoguna sai ta fara sarƙewa, hoto yana tsalle. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai a raba aiki: kwamfutar da ta fi ƙarfi ta zama uwa, ita ke lissafin tashi da zana abin da ake gani ta taga. Tsohuwar laftop ɗaya ta zana allon matuƙi, wata ta zana taswira. Abin da ya sa wannan ke yiwuwa da rarraunan kwamfutoci shi ne, ba hoto ake aikawa ta waya ba, lambobi ne kawai: gudu kaza, tsawo kaza, karkata digiri kaza. Abin da ke wucewa cikin daƙiƙa guda bai kai nauyin hoto ɗaya da kuke turawa a WhatsApp ba. Laftop ɗin da ta kasa buɗe bidiyo da kyau za ta iya zana shuɗi da ruwan ƙasa da lambobi ba tare da ta yi gumi ba.

Manhajojin da aka fi sani uku ne. Microsoft Flight Simulator ta fara tun 1982, fitowarta ta 2020 kuma kyakkyawa ce ƙwarai, amma tana son kwamfuta mai tsada, sauke ta ya haura gigabayit 100, kuma tana jan hoton ƙasa daga intanet kana cikin tashi. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan nauyi ne. X-Plane, ta Austin Meyer, ba ta jan hoton ƙasa daga intanet bayan an girka ta, kuma tun asali an gina ta da sanin cewa za a haɗa ta da wasu kwamfutoci. Ta uku ita ce FlightGear, wadda masu sa kai suka fara tun 1997, kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta. Ra'ayina, ɗan Jimeta ya fara da FlightGear. Hotonta bai kai na sauran ba, amma ba za ka biya ko kwabo ba, za ka girka ta a kwamfuta goma ba wanda zai tambaye ka lasisi, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran a filashi.

Yanzu mu shiga aikin kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan mutane ke karaya.

Abu na farko, waya. Ku manta da wayfai a wannan aiki. Wayfai yakan yi sauri yanzu, an jima ya ɗan tsaya, kuma allon matuƙin da ke tsayawa rabin daƙiƙa ya fi babu allo illa, domin yana koya wa hannunka gyaran da ya makara. Ku sayi ɗan akwatin mahaɗa mai ramuka biyar, wanda 'yan kasuwa ke kira suwic, da waya Cat5e ko Cat6. Tana iya kai mita 100, ku kuwa mita biyu-biyu ya ishe ku. In za ku matse kan wayar da kanku, silli takwas ne a ciki, ga jerinsu daga hagu in kun juya maƙallin ƙasa: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Haka a duka ɓangarorin biyu. In kun soka, ku dubi 'yar fitilar da ke bakin ramin. In ba ta kama ba, kada ku taɓa manhaja tukuna, matsalar tana cikin wayar.

Na biyu, adireshi. Kowace kwamfuta a kan waya tana da lamba mai kashi huɗu, kamar 192.168.1.10. Kashi uku na farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne lambar gida. Uwa ta zama 10, allon matuƙi 11, taswira 12, kuma a gurbin da ke ƙasa ku rubuta 255.255.255.0 a dukkansu. In ɗaya ta zama 192.168.1 ɗaya kuma 192.168.0, to wannan tana Doubeli waccan tana Yola cikin gari, ko da suna kan tebur ɗaya ba za su ji juna ba. Ku rubuta adireshin da hannunku ya zauna daram, kada ku bar rawuta, wato akwatin da ke raba intanet, ta riƙa rabawa. Ni wannan ya taɓa cinye mini dare guda. An ɗauke wuta, aka dawo da ita, na kunna komai, na tashi jirgi, na karkata dama, ta taga ina ganin Binuwai ya jirkice, amma allon da ke gabana yana nuna jirgi a miƙe, gudu sifili. Na sake girka manhaja, na canja waya, har aka kira assalatu. Ashe da wuta ta dawo laftop ɗin taswira ce ta riga tashi, rawuta ta ba ta lambar allon matuƙi, uwa kuma tana ta aika saƙo gidan da mai shi ya ƙaura. Tun daga ranar kowace kwamfuta na manna mata takarda da lambarta a goshi. Wata alama kuma: in ka ga adireshi ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta nemi mai ba ta lamba ta rasa, ta raɗa wa kanta.

Kafin ku buɗe manhajar jirgi, ku gwada sallama tsakaninsu. A baƙin allon umarni ku rubuta ping da adireshin ɗayar. In ta amsa, kuma lokacin amsar bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, hanya ta yi kyau. In ba ta amsa ba alhali fitila na ci, to katangar tsaron Windows ce ta tare ƙofa. Kada ku rushe katangar gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi. Ku gaya wa Windows cewa wannan haɗi na gida ne, sannan ku buɗe wa manhajar ƙofarta ita kaɗai. X-Plane tana sauraro a ƙofa mai lamba 49000. A FlightGear kai ne za ka zaɓa, yawanci akan sa 5500, ka umarci uwa ta aika halin jirgi zuwa adireshi kaza sau kaza a daƙiƙa, ɗayar kuma ka kashe mata nata lissafin tashi ta zama mai karɓa kawai. Wannan kashewar wajibi ce. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, in kwamfuta biyu suna lissafin jirgi ɗaya, za ka ga hoto yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kuma fitowar manhajar ta zama iri ɗaya a ko'ina, jirgin da aka zaɓa ma ɗaya.

Za ku riƙa cin karo da kalmomi biyu, TCP da UDP. TCP kamar wasiƙar rajista ce, sai an sa hannu an tabbatar ta iso, in ta ɓata a sake aikowa, na bayanta su jira. UDP kuwa mai shela ne, ya faɗa ya wuce, wanda ya ji ya ji. A aikinmu mai shela muke so, domin labarin karkatar jirgi na rabin daƙiƙa da ta wuce ba shi da sauran amfani, wani sabo na tafe a bayansa.

Ga mai son farawa yau da dare ba tare da ya sayi komai ba, FlightGear tana da wata hanya mai sauƙi: a kunna mata shafinta na ciki a ƙofa 8080, sai ka buɗe burauza a wata kwamfutar ka rubuta adireshin uwa da wannan lamba, taswira da agoguna su bayyana. Masu Microsoft kuma suna da SimConnect, da FSUIPC da WideFS na Peter Dowson, waɗanda aka daɗe ana amfani da su don wannan aiki. Akwai kuma Air Manager mai zana agoguna, ta kuɗi ce.

Sauran aikin na kafinta ne da mai gyaran rediyo. Allon G1000 inci 10.4 ne, mai ɗigo 1024 a kwance 768 a tsaye. Tsofaffin allunan ofis masu inci 15, masu kusan murabba'i, waɗanda ba mai tayawa yanzu, ɗigonsu ke nan daidai. A yanka filawud, a huda gurbi biyu, a kafa allunan ta baya, a shafa baƙin fenti. Maɓallan murɗawa kuma a haɗa su da ɗan allon Arduino, akwai manhajar kyauta MobiFlight da ke fassara murɗin hannunka ga jirgin. Sandar tuƙi da totur ne kaɗai nake ba da shawarar a saya ko da na hannu ne.

Littattafan da Turawa suka rubuta kan wannan aiki ba su san Yola ba, don haka bari in ƙara abin da babu a cikinsu. Wuta ita ce ta farko. Uwa mai katin hoto takan ja wat 300 ko fiye, laftop kuwa cajarta 45 zuwa 65 ce kuma tana da batirinta. Saboda haka uwa da suwic su ne za a ɗora kan UPS ko inbata. Mutane kan manta da suwic, sai wuta ta ɗan ƙifta, kwamfutoci duk suna raye amma sun daina jin juna. Na biyu zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da muke haura digiri 40, kwamfuta in ta ji wuta takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wata rana da azahar hotona ya faɗi daga 30 a daƙiƙa zuwa 12. Da na kwance murfin, ƙurar hunturu ta yi kitse a kan fanka da haƙoran ƙarfen da ke sha zafi, kamar auduga. Na hure ta, na sa sabon man sanyaya, komai ya dawo. Duk ƙarshen hunturu a buɗe a share, akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa. Na uku, in ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan cizo, wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki, a kira mai wayarin ya gyara kafin Arduino ya fara katsewa ko wani ya ji rauni.

In an gama duk wannan, sai a zo ga daɗin abin. Ka rubuta DNYO, lambar filin jirgin Yola a tsarin duniya, ka sami kanka a kan titi mai lamba 35, hancinka na kallon arewa, cikin Cessna 172. Ka tura totur, ka tashi, Binuwai ya shimfiɗu a ƙarƙashinka, duwatsun Bagale a tsallake. Ka karkata gabas ka bi kogin har Garwa, ko ka nufi Gombe, ko Maiduguri. Daga nan darasi ya fara. Ka sa zafin iska digiri 42 ka ga yadda jirgin ke cin titi kafin ya ɗaga: filinmu ƙafa 600 ne daga teku, amma a wannan zafi iska ta yi sirara, fiffike da inji suna jin kamar suna wajen ƙafa 4,000. Sannan ka kawo hazo, irin wanda ke hana jirage sauka a nan a Disamba da Janairu, ka rage gani har taga ta zama fari fat. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu gani, a matsakaici cikin daƙiƙa 178 jirgi ya ƙwace musu. Kunnen ciki yana yi wa mutum ƙarya, ya ce a miƙe kake alhali kana gangarawa a karkace. Kujerar ɗakinka ba ta motsi, ba za ta ba ka wannan ruɗin ba, amma za ta koya wa idonka zagayen da ke ceton rai: gaɓar sama, gudu, koma gaɓa, tsawo, koma gaɓa, alƙibla.

Dole in gaya muku iyakar abin, don kada wani ya fita nan da ruɗu. Awa dubu a wannan kujera ba ta zama lasisi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa tana lissafa awannin da aka yi ne a jirgi ko a na'urar da ta amince da ita, ƙarƙashin malami. Wanda ya koya shi kaɗai kuma yakan ɗauki miyagun ɗabi'u, kamar kafe ido kan allo a ranar da ya kamata ya duba waje. Haka nan ina roƙon ƙannena, filin jirginmu akwai sojojin sama a cikinsa, kada sha'awa ta kai wani ga ɗaukar hoto a bakin shinge ko neman rediyon shiga maganar hasumiya. Duk abin da kuke buƙata yana cikin littattafan da aka buga a fili.

Amma ku dubi abin da yaron ya samu ko da bai taɓa shiga jirgi ba. Ya iya matse waya, ya san adireshi da ƙofa da katangar tsaro, ya iya bin matsala daki-daki daga fitila zuwa manhaja, ya yi lissafin gudu da lokaci da mai, ya taɓa lantarki da kafinta. Wannan shi ne aikin da bankuna da asibitoci da kamfanonin waya ke ɗaukar mutum dominsa. Jirgin sama kuma ba matuƙi kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar mai gyaran waɗannan alluna da mai kula da zirga-zirga daga hasumiya.

Don haka ina kira ga malamanmu na Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejin horar da malamai, da shugabannin makarantun sakandare: a duba ɗakunan ajiya, a fito da kwamfutocin da aka yi ritayarsu, a ba ɗalibai uku-uku da suwic ɗaya da kusurwar ɗaki. Ku kuma iyaye, in kun ga yarinya ko yaro ya duƙufa kan wannan, ku zauna kusa da shi ya nuna muku abin da kowace lamba ke nufi. In mun idar da la'asar za a yaye zanen can baya, jirgin yana kan titi na 35 da injinsa a kunne, 'yan makaranta su ne za su fara zama.